Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin ilimi da lafiya na Kano da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB: a duba kunne da bakin yaran nan kafin a kira su daƙiƙai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, Allah ya taya ku riƙo. Ni malamar aji ɗaya ce a wata firamaren gwamnati nan gefen birni, shekarata goma sha huɗu ina shaƙar ƙurar alli, kuma uwa ce mai yara biyar. Ba zan faɗi sunan makarantar ba don kar gobe a kira hedimastanmu ofis a ce shi ya sa ni, bawan Allah bai ma san ina wannan rubutun ba. Da gangan na haɗa ku ku uku a takarda ɗaya, saboda maganar da na zo da ita irin wadda in an kai ta ma'aikatar ilimi sai a ce ai wannan ta lafiya ce, in an kai ta lafiya su ce a'a ta makaranta ce, to a haka yaron zai yi gemu ba a duba shi ba.

Bari in fara da autana, don a kansa na koyi abin da ban taɓa ji ba duk zamana a kwalejin horon malamai.

Yaron nan har ya cika shekara biyar in zai ce kaza sai ya ce taza, gida dida, goro doro. Kowa dariya yake a gidan, in an yi baƙi ma kiransa ake yi a ce faɗi kaza mu ji, shi kuma yana jin daɗi an kula shi. Kakarsa ta wajen uba ta ce tsamin baki ne kawai, babansa ma haka ya yi kuma da kansa ya daina. Wata maƙociyarmu ta rantse linzami ne a kai shi wajen wanzami, ni kuma da bokona da komai na biye mata, aka je aka tsaga masa ƙarƙashin harshe, yaro ya kwana biyu ko koko ba ya iya sha sai da kuka, ranar da bakin ya warke na miƙa masa kofin koko na ce mene ne wannan, ya kalle ni ya ce toto. Wallahi ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ga shi kuma in ka kira shi ta baya ba ya juyowa sai ka ɗaga murya, in ana kallo sai ya je ya liƙe da talabijin ko ya ƙure ƙarar. Mu dai abin da muka ce shi ne kunnen ƙashi gare shi, ya sha dunduniyar hannu a kan haka ba sau ɗaya ba.

Da ya shiga aji ɗaya abin ya ɓuya, don a cikin taro ake rera ka ke ki ko ku, yara sama da ɗari suna ihu baki ɗaya wa zai ji na wanda yake cewa ta te ti to tu? Littafinsa ne ya tona asiri. Malaminsu ya yi musu shifta, na buɗe da daddare ina dubawa sai na ga duk inda aka ce kara ya rubuta tara, inda aka ce gama ya rubuta dama, ba wai bai san haruffan ba, in ka nuna masa k ka ce ya kwafa zai kwafa tsaf da kyau. Abin da bakinsa ke faɗa shi kunnensa ya yarda da shi, shi kuma hannunsa ke rubutawa. Nan jikina ya yi sanyi.

Wata ƙanwar mijina da ke aikin jinya ita ta matsa a kai shi sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Likita ya leƙa ya yi gwajinsa ya ce ruwa ne kwance a bayan dodon kunnensa duka biyun, irin wanda yawan mura ke bari, ba ya ciwo ba ya fitar da ruwa shi ya sa uwa ba ta ganewa, amma yaron ji yake kamar wanda ya toshe kunnuwansa da yatsu. Ku gwada ranku ya daɗe, ku toshe kunne ku sa wani ya tsaya nesa kaɗan ya ce muku kara da tara. Ashe kunnen da muke ce wa na ƙashi na ruwa ne. Bayan an yi maganin wannan sai aka tura mu wajen mai gyaran magana, abin da 'yan asibiti ke cewa sifich terafi, mu dai likitar magana muke ce mata duk da ta sha faɗa mana ita ba likita ba ce. Rana ɗaya take zama a sati, layi kuwa har da mutanen Jigawa da Katsina, ga tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki da magana ta ɗauke musu, ga yaran da aka yi wa ɗinkin tsagewar leɓe, duk ita kaɗai.

Ina so in ɗan tsaya a kan abin da baiwar Allah nan ta yi, saboda da yawa in an ce gyaran magana ɗauka suke wata babbar na'ura ce ko allura. Ranar farko ko kalma ɗaya ba ta sa shi ya faɗa ba. Ta kare bakinta da takarda don kar ya karanci leɓenta, ita take faɗa shi kuma yana nunawa da yatsa, so take ta ga ko kunnen yana raba sautin biyu tukuna. Katunan da take da su na Turawa ne, hoton makulli da na kofin shayi, don a Turanci sunayen biyu sun yi kama, to ɗan Kano mai shekara shida me ya haɗa shi da wannan? Sai muka zauna ni da ita muka yanka kwalin sabulu, na zana karan dawa a ɗaya ta rubuta 9 a ɗaya, kara da tara kenan, muka yi na kafa da tafa, na gama da dama. Da aka zo wajen faɗa sai ta ce ya roƙi katin da yake so, ya nuna kara da ido ya ce ba ni tara, ta miƙa masa lamba tara hankalinta kwance, ya ce a'a tara, ta sake miƙa masa tara, yaro ya fusata har da buga ƙafa. Ta juyo ta ce min maman yaro kin gani, yau ya fara gane cewa abin da yake faɗa ba shi mutane ke ji ba. Daga nan sai madubi, sai ta sa shi ya ɗaga kai sama kamar mai kurkurar maƙogwaro, ta danne masa tsinin harshe da ɗan katakon nan na likitoci don bayan harshen ya tashi ya taɓa hanɗa, tunda k da g can baya ake yin su, shi kuma ya saba kawo komai gaba wajen hanƙa inda ake yin t da d. Abin haushin, duk sunayen nan na haddace su a darasin Hausa lokacin NCE na ci jarrabawa da su, ban taɓa kawowa a raina suna da amfani a kan yaro mai rai ba. Kuma duk sanda k ta fita daidai sai ta ɗaga masa harafin k ya gani ya shafa da yatsa. Aikin gida minti goma kullum bayan magariba. Wata huɗu muka yi muna zarya a adaidaita, ranar da ya shigo kicin ya ce Umma kaza ta shiga ɗaki sai da na sa shi ya maimaita sau uku, kazar kuwa na bar ta ta yi ɓarnarta. Karatun ma bai ƙara ba mu wahala ba, kafin ƙarshen aji biyu yana karanta allon shaguna a hanya har ya ishe mu.

To ni ina da albashi komai ƙanƙantarsa, ina da ƙanwar miji a asibiti, ina cikin gari. Yaran ajina fa?

Akwai wata yarinya da har gobe take tsaya min a rai. Shekaru biyu kafin abin ɗana ya faru ta zo ajina, kullum can baya take zama jikin bango, kullum da auduga a kunnenta na hagu ƙuda na bin ta, yara suna gudunta wai tana wari. In na tambaye ta sai ta yi min murmushi kawai ko ta kalli bakin ta kusa da ita. Na kira ta daƙiƙiya a gaban aji, na sa ta kamun kunne, kunnen da ke zubar da mugunya fa, Allah ya yafe min. Uwarta ta taɓa ce min ai ana ɗiga mata man zaitun. Ta maimaita aji ɗaya, a na biyun tsakiyar zango ta daina zuwa, daga baya na gan ta a bakin titi da bokitin awara. Babu wanda ya taɓa ce min in yaro yana kallon bakinki maimakon allo ki dawo da shi gaba ki rubuta wa iyayensa takarda su kai shi a duba kunne. Abin da bai fi a faɗa wa malami a cikin minti biyar ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne a duniya ke da matsalar ji mai tsanani, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na matsalar ji a yara abu ne da za a iya kare shi. In kuka duba abubuwan da ke kawo ta kamar da mu ake: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar da ke kama jariri a satin farko, ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe, da wasu allurai irin su jentamaisin da ake dankara wa yara a kemis ba lissafi. Mu da muka ga sanƙarau na 1996 a garin nan ba sai an ba mu labari ba. Ban da kunne kuma, akwai yaran da jinsu ƙalau amma harshen ne ke musu nauyi wajen fahimta da haɗa magana, wani bincike da aka yi a Ingila a 2016 ya samu kusan yara biyu a duk aji mai yara 30, can kenan inda ake awon komai tun yaro na tsumma. Ni ajina ya ninka talatin sau uku har da ɗoriya, ga rufin kwano, in ana ruwa ko ni ba na jin kaina.

Abin da nake so ku gane, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba, shi ne karatu a kunne yake farawa kafin ya zo ido. Harafi hoton sauti ne kawai. Yaron da bai taɓa lura cewa kalmar gari gutsure biyu ce, ga da ri, kuma ga ɗin ma tana da kai da jela, to ko ka cika masa allo da haruffa zane kawai yake gani, sai ya haddace shafi kamar waƙa, ka rufe hoton ka nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya tsaya yana kallon silin. Ni yanzu satin farko na kowace shekara gwaji nake yi ba takarda ba fensir, in ce a cire ga daga gari me ya rage, a tafa min hannu sau nawa a makaranta, wace kalma ce ta fara kamar mota, mangwaro ko lemo. Wallahi a nan take nake ware yaran da za su sha wahala, tun kafin su taɓa littafi. Kuma Hausa ta yi mana gata, abin da ka ji kusan shi kake rubutawa, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya zai yi maka sauti uku. Amma ita ma tana da nata tarkon, kuma duk na kunne ne: kafa da ƙafa, bata da ɓata, baki da baƙi, daki da ɗaki, sara da tsara, baba da babba. Ga waɗanda rubutu ma ba ya raba su sai dai jan wasali da karin sauti, gari na zama da gari na tuwo, gado na kwanciya da gado na magada, kuka na hawaye da kuka ta miya. Mu manya ma a waya mun watsar da ƙugiyar nan gaba ɗaya, ni kaina sai da 'yata ta saka min kibod mai ƙugiya kafin in rubuta muku wannan, to ina ga yaron da kunnensa bai taɓa jin bambancin ba.

Ba zan ce ba a yi komai ba, ƙarya haramun. An yi shirye-shiryen koya wa yara karatu iri-iri, an yi RANA a Katsina da Zamfara, an yi Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an kawo Jolly Phonics jihohi da yawa, ga PLANE na gwamnatin Birtaniya a Kano da Kaduna da Jigawa, ni ma na halarci bita ba ɗaya ba kuma na ƙaru, koyar da sauti kafin sunan harafi gaskiya ya fi tsohon yayinmu na haddar ABCD. Mai girma gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, an ware wa ilimi wajen kashi 30 cikin ɗari na kasafi, mun ga gyaran ajujuwa mun ga kujeru da yunifom, Allah ya saka. Sai dai duk bitar da na je an gina ta ne a kan cewa yaron da ke gabana yana ji daidai kuma bakinsa yana iya fitar da sautin. Da na ɗaga hannu a wata bita na tambayi yaya zan yi da wanda ba haka yake ba, mai koyarwar ya ce wannan ai na makarantar masu buƙata ta musamman ne. Makarantar Tudun Maliki tana aikinta ga kurame da makafi, amma ɗana ba kurma ba ne, yarinyar awara ma ba kurma ba ce, irinsu a tsakiya suke, sun fi ƙarfin malamin aji kuma ba su kai a kai su can ba, kuma su suka fi yawa. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo a kowace makarantar gwamnati saboda irin waɗannan yara. Ku zaga ku ƙirga.

Sannan ga rikicin yare. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da harshen uwa a shekara shida na firamare, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya ce an soke a koma Turanci. Wannan faɗan manya ne, amma ni abin da idona ya gani shi ne yaro a yaren da yake mafarki da shi yake fara jin gaɓoɓin kalma, in ya iya tsinka gida ya ɗinke ta to gobe zai tsinka ta Turanci ma. Ko me Abuja ta yanke dan Allah kar a taɓa mana darasin karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku.

Wani abin da ke ba ni takaici kuma, kayan aikin nan muna da su a gida muka bari suka zube. Mu da muka taso muna zaurance don kar iyaye su gane hirarmu, zo mu tafi ta koma zodo mudu tada fidi, ai yarinyar da ta iya wannan ta gama sanin gaɓa ko ba a faɗa mata sunanta ba. Muna juya kalma, tafi ta zama fita, rago ya zama gora, kasa ta zama saka. Muna gasar turmi ture kura kura ture turmi har harshe ya harɗe a yi ta dariya, ga na ƙato da kwaɗo da ƙoto wanda ke cakuɗa k da ƙ. Da na gwada wa likitar magana waɗannan cewa ta yi ai abin da suke biyan kuɗi su koyo kenan da wani suna. Makarantar allo ma tun kaka da kakanni babbaƙu ake fara yi sannan farfaru, baƙi daban wasali daban sannan a haɗa, malamin tajwidi a islamiyya kuwa zai tsayar da yaro sati guda a kan sin da sadi yana nuna masa makhraji, daga ina harafin ke fita, harshe ina zai taɓa. Mutumin da ya iya wannan in aka ba shi horon sati biyu zai riga kowa gane yaron da ke da matsala. Yanzu yaran suna kan waya suna kallon katun da yaren da ba sa ji, kaka ba ta tatsuniya, uwa tana nata kallon, ni ma ban cire kaina ba.

Sai dai a yi hattara wajen gyaran, kar a je a ɗauko gwajin Turawa a auna yaranmu da shi a mai da lafiyayyu marasa lafiya. Yaron da iyayensa Sakkwatawa ne in ya ce halshe ko hwari ba ciwo gare shi ba, yarensu ne. Ɗan Fulanin da ya taso da Fulatanci in ya ce kofa maimakon ƙofa koyo yake. Bahaushen yaro da ke haɗa p da f a Turanci shi ma lafiyarsa ƙalau, a Hausa ba a raba su. Wanda zai raba karin harshe da larura dole ya san Hausa ciki da bai, kuma ga Jami'ar Bayero nan da cibiyar nazarin harsunan Najeriya da sashen ilimi na musamman, me zai hana SUBEB ta zaunar da su da masu gyaran magana su fitar mana da ɗan littafin gwaji na Hausa mai hotuna, a buga a raba wa duk malamin aji ɗaya, maimakon ni da kwalin sabulu?

Masu in'ina kuma nasu daban ne, su karatun zuci ba ya gagararsu, mu malamai ne muke kashe musu gwiwa da tashi ka karanta, yaro ya maƙale a harafin farko aji ya fashe da dariya, malami ya ce yi sauri mana. Kusan yara biyar a cikin ɗari suna ratsawa ta in'ina, yawanci ta wuce, wajen ɗaya a ɗari ne ke girma da ita, kuma dukan baki da ludayi ko tsoratarwa ba ya ƙara komai sai tsanani. Annabi Musa alaihis salam da kansa ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa, yana nan a Suratu Ɗaha, mu kuma mun mai da abin na tsokana.

Mai girma kwamishinan lafiya, naka roƙon mai sauƙi ne a baki. Akwai 'yar na'urar gwajin jin jarirai da ba ta fi waya girma sosai ba, minti kaɗan take yi jariri na barci, an taɓa gwada ta a Legas a wuraren allurar rigakafin tarin fuka ta BCG kuma ta yi aiki, tunda ko matar da ta haihu a gida tana kawo jariri rigakafi. A fara ko da manyan asibitocin ƙananan hukumomi ne. A katin rigakafin nan kuma a ƙara layi biyu ma'aikaciya ta tambayi uwa, ya shekara ɗaya yana faɗin kalma ko ɗaya, ya shekara biyu yana haɗa kalma biyu? In a'a ce amsar a tura shi gaba, kar a ce mata ai namiji ne maza ba sa saurin baki. Sannan a buɗe gurbin aiki na masu gyaran magana da masu awon ji a ma'aikatar, don ɗalibi ba zai karanci fannin da ya san ba a ɗaukar aiki a kansa ba. Hukumar da ke musu rijista tana nan tun 1988, ana koyar da fannin a Ibadan, ga cibiyar kula da kunne ta ƙasa nan kusa a Kaduna, ga kwalejin ilimi na musamman a Oyo. Kuma tunda gwamnatin nan ta dawo da tura ɗalibai karatu waje, aka ware gurbi 1,001 a 2023 yawanci Indiya, to a Indiyan akwai babbar cibiyar magana da ji a garin Maisur tun shekarun 1960, a ware ko gurbi arba'in da huɗu mana, kowace ƙaramar hukuma ɗaya, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida, kuma a sa mata da yawa a ciki don uwa ta fi sakin jiki da mace.

Mai girma kwamishinan ilimi da shugaban SUBEB, ku kuma ranar rijistar 'yan aji ɗaya a turo ma'aikacin lafiya na unguwa da fitilar leƙa kunne ya zauna kusa da teburin hedimasta, ai ana shigowa makarantu rabon maganin tsutsar ciki kuma ba a taɓa cewa ya gagara ba. A sa wannan darasi a kwalejojin horon malamai, mu da muke bakin aiki kuma a haɗa mana shi cikin bitar da ake yi dama, ko yini ɗaya ne, ba sai an ƙirƙiro sabon shiri mai motoci da riguna ba. A ba mu fom guda mai shafi ɗaya wanda in na cike uwa za ta kai asibiti a karɓe ta ba tare da an ce wa ya aiko ki ba. Gidajen rediyon jiha kuma a ba masu gyaran magana fili ko rabin awa a sati, iyaye mata suna jin rediyo fiye da yadda suke jin mu.

A bana ina da yara bakwai da na dawo da su layin gaba, uku na tabbata kunne ne, biyu baki, biyun kuma har yanzu ina lura da su. Iyayen ɗaya ne kawai suka iya kai nasu asibiti, sauran sun ce sai an yi girbi. In ɗayanku ya samu sarari ya shigo kowace firamare ranar Litinin da safe ba tare da an sanar ba, kar ya tsaya ofis, ya wuce aji ɗaya ya zauna a ƙasa can layin ƙarshe jikin bango, ya ji ko zai iya raba kafa da ƙafa daga inda yake.

Na gode, Allah ya ƙara muku lafiya.

Taku,
wata malamar aji ɗaya, Kano.